Shafi Biyu na Tarihin Iya

Iya ta sha gaya mana cewa ranar da ta mutu kada wanda ya kuskura ya sa ta cikin ƙanƙara. "Ni ba kifi ba ce," haka take faɗa tana zare mana ido. Ta ga yadda zamani ya zo da ajiye gawa wata guda ana jiran ɗan da ke Turai ko ana jiran tela ya gama ɗinkin anko, abin kuwa bai taɓa kwanta mata a rai ba. A ƙauyenmu, can kudancin Katsina tsakanin Malumfashi da Kafur, da Bamaguje da Musulmi da Kirista duk abu ɗaya suka gada a wannan fanni: mutum ya cika da safe, kafin rana ta faɗi an kai shi makwancinsa.

Ta cika ranar Talata, 7 ga Fabrairu 2023, da asuba, a wani asibiti a Zariya, ni da matar Yaya muna zaune gefenta. Tun a ranar muka saɓa mata. Yayarmu mace tana Jos, wani yana aiki a Fatakwal, jikoki kuma sun warwatsu a makarantu. Yaya, wanda shi ne babba a ɗakinmu, ya yanke cewa Juma'a za a yi jana'iza, ba ƙari ko na yini ɗaya. Wani jika mai bakin tsiya ya ce ai kwana uku ba laifi, Ubangiji Yesu ma kwana uku ya yi a kabari. Muka yi dariya da hawaye a ido, don mun san da tana nan sai ta kai masa duka da mafici.

Wanda bai taɓa tsayawa a kan gawar nasa ba yana zaton kuka ne aikin farko. Takarda ce aikin farko. Sai likita ya sa hannu a shaidar mutuwa, sai ka je ka biya abin da ya rage na asibiti, sannan a karɓi gawar a ɗakin ajiya a ba ka wata 'yar takarda da za ka nuna ranar ɗauka. Ga shi mun faɗo cikin makon da kuɗi suka ɓace daga hannun jama'a. An sake fasalin naira ɗari biyu da ɗari biyar da dubu, an ce tsofaffin takardu za su daina aiki ranar 10 ga wata, wato ranar jana'izar tamu ke nan, sababbin kuma ba a ganinsu ko a banki. Mai POS ya ba ni dubu goma ya cire dubu biyu ladansa, har da yi mini gori wai don ya ji mutuwa ce. Kafintan da zai haɗa akwati ya ce shi ba ya karɓar tiransifa, mai katako ba ya karɓa, to shi ina zai kai ta? Da ƙyar wani ɗan ikkilisiyar su Yaya mai shagon kayan masarufi ya tattara mana cinikinsa na kwana biyu, muka tura masa ta waya.

Sai sanarwa. Ita ma tana da tsari, in ka karya shi ka jawo wa kanka magana ta shekaru. Kafin kowa ya sa hoto a WhatsApp ko Facebook, dole manya su fara ji, kuma akwai waɗanda ba a gaya wa ta waya. Kawu, wan Iya uwa ɗaya uba ɗaya, yana cikinsu. Yaya ya kira faston ƙauye, fasto ya ɗauki dattijon ikkilisiya guda suka taka har zauren Kawu suka faɗa masa baki da baki. Sai da aka ce mana Kawu ya ji, sannan Yaya ya saki jikoki suka cika duniya da hotuna.

Da daddare muka zauna taron iyali a falon Yaya, waɗanda ba su iso ba suna kan waya. Aka raba aiki: wannan mota, wancan abinci, matan gida su ji da zannuwa da kujeru. Da aka zo kan ɗan littafin da ake rabawa a sujadar jana'iza a majami'a, ba a ma yi shawara ba.

"Auta, ke ce malama. Ke za ki rubuta tarihi. Shafi biyu, kada ya wuce, mai bugawa yana so zuwa safiyar Alhamis."

Na ce to, Yaya.

Gaskiya na daɗe ina raina irin wannan tarihi. Na halarci jana'izar mata da yawa a ikkilisiyoyinmu, kuma in ka cire suna da hoto, kusan mace ɗaya ake binnewa kullum: an haife ta, ta yi aure, ta karɓi Yesu, mace ce mai haƙuri mai karɓar baƙi, ta bar 'ya'ya kaza da jikoki kaza, sai a rufe da Misalai sura 31, surar Littafi Mai Tsarki da ke yabon macen kirki. Na sha cewa a raina in nawa ya zo ba haka zan yi ba. To ga nawa ya zo, na ɗauki biro, layin farko ya kayar da ni. "An haifi Iya a shekara ta..." Shekara ta nawa? Katin zaɓenta ya ce 1 ga Janairu 1950, amma kowa ya san yaron da ya yi rajistar ne ya dube ta ya yanka mata. In aka bi katin, tana 'yar shekara goma sha ɗaya ta haifi Yaya.

Laraba da sassafe na kama hanya: Giwa, Funtuwa, Bakori, Malumfashi, daga nan ɗan acaɓa ya shiga da ni cikin hazo. Na iske Kawu a zaure kan buzunsa, carbi a hannu, mutane sun kewaye shi suna masa ta'aziyya. Na durƙusa na gaishe shi.

"Auta ce? Ya muka ji da haƙuri?"

"Haƙuri da godiya, Kawu."

"Ta riga ni. Ni na goya ta, ga shi ta riga ni."

Da zaure ya ɗan sarara na faɗa masa abin da ya kawo ni. Bai yi dogon tunani ba ya ce ai shekarar da Sarki Dikko ya rasu aka haife ta, yana yaro yana tsaron tsuntsaye a gona labari ya iso cewa an naɗa Nagogo. Wannan kam abu ne da ke rubuce: Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya rasu a 1944, ɗansa Usman Nagogo ya gaje shi. Na rubuta 1944 na ja layi biyu a ƙasa, ina jin kamar na ci rabin aikin.

Daga bakin Kawu na ji abin da ban taɓa zama na tambayi Iya ba, kuma wannan laifina ne, shekara talatin da tara muna tare. Mahaifinsu Bamaguje ne cikakke, sarkin noma, mai gandu babba da rumbuna jere, yana yanka wa iskoki baƙar akuya kafin a sa fartanya a gona. Mahaifiyarsu kuma babu wadda ta kai ta iya dafa giya a yankin, in za a yi gayya ko biki ita ake nema. Bishara ba da bakin Bature ta shigo gidan ba. Turawan mishan na SIM sun daɗe ana hana su ƙasashen sarakuna, sai a shekarun 1930 aka buɗe musu ƙofa ta hanyar jinyar kutare, irin su Babbar Ruga kusa da Katsina. Amma wanda ya iso ƙauyenmu baƙin mutum ne mai keke, ya roƙi fili ya yi 'yar bukka, yana noma kamar kowa, da yamma ya tara yara yana koya musu a, ba, ca. Matarsa ce ta ja Iya, lokacin tana amarya a gidan Baba. Kawu kuwa ya musulunta zamanin da Sardauna ke rangadin kiran jama'a zuwa Musulunci, 'yan shekaru kafin a kashe shi a Janairun 1966. Tsohon ya mutu a kan abin da ya gada. Gida ɗaya ya rabu uku, amma Kawu ya ce ko sau ɗaya tuwon sallarsa bai fasa zuwa gidanmu ba, shinkafar Kirsimetin Iya ma ba ta fasa zuwa nasa ba, kuma saboda shi ne kullum Baba ke kiran mahauci Musulmi ya yanka akuyar Kirsimeti.

Daga nan na wuce gidan fasto neman ranar baftisma. Yaro ne, shekararsa uku a wurin. Ya fito mini da littafin rajista na ikkilisiya, sai muka tarar gara ta cinye duk abin da ya gabaci 1980. Shi ya ce in je wurin Uwar Zumunta ta dā, wato tsohuwar shugabar ƙungiyar matan ikkilisiya, ƙawar Iya tun suna 'yan mata, wadda ido ya mutu mata amma kai na nan garau.

Tsohuwar nan ta riƙe hannuna ta shafa fuskata, ta yi kukanta ta share, sannan ta ce: "Baftisma? Tare aka nutsa mu a rafi, shekarar da aka canja hannun tuƙi." Wato 1972. Na yi lissafi na ga bai yi daidai ba. Na ce Mama, ai an ce tun farkon aurenta ta fara zuwa sujada, me ya tsayar da ita kusan shekara goma?

Sai ta fashe da dariya har tana tari.

"Giya, 'yar nan. Uwarki ta gaji hannun uwarta. Lahadi tana gaba-gaba a majami'a tana waƙa, Litinin ta jiƙa dawa. Dattawa suka yi juyin duniya, ta ce musu in sun hana ta dafawa su zo su biya wa mijinta haraji su saya wa 'ya'yanta riga. Sau uku tana gama ajin baftisma ana tsallake sunanta."

Ban taɓa ji ba. Iyar da na sani ko warin burkutu ta ji a jikin mutum sai ta yi masa wa'azi tun daga ƙofar gida har bakin hanya. Tsohuwa ta ce ba wanda ya tilasta mata a ƙarshe. Wata rana ce bayan an yi wani mummunan faɗa a gidan da ta sayar wa giya, har aka fasa wa wani kai, ta dawo ta kife tukwanenta. Ta koma ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, da kaka kuma ta tsinci audugarta a kai kasuwa. Babban tulun da take zuba giya a ciki ta wanke shi ta ɗauka a ka ta kai majami'a. Shi ne tulun da matan zumunta suka yi shekaru suna bugawa, wanda na tashi ina jin amonsa kowace Lahadi, Iya ta rungume shi tsakanin ƙafafu tana dukan bakinsa, ban san daga inda ya fito ba.

Da la'asar na buɗe ɗakinta. Ƙamshin man kaɗanya da daddawa yana nan kamar ta fita zagayawa. Littafinta Mai Tsarki yana ƙarƙashin matashi, an ɗinke masa riga da ƙyallen atamfa. Tsohon juyi ne, wanda asalinsa ya fito a 1932. Da sabon juyi ya zo a 1979 an saya mata, ta karɓa ta yi godiya ta ajiye a akwati. Ita har ta mutu Yohanna ta sani, ba Yahaya ba. Misalai, ba Karin Magana ba. Ru'ya ta Yohanna, ba Wahayi ba. In jika ya karanta mata "makaɗaicin Ɗansa" sai ta gyara masa: "haifaffe shi kaɗai."

A fararen shafukan baya na sami abin da ya zaunar da ni a bakin gado. Da rubutunta manya-manya, irin na wadda ta koyi riƙe fensir da goyo a baya, ta jera sunayen 'ya'yanta. Mu shida ne muka rayu, na kuma san da biyu da suka rasu. Sunaye goma sha ɗaya na ƙirga. Uku ban taɓa jin an ambace su a gidanmu ba. Gaban kowane suna ta sa alamar lokaci irin tata: da kaka, da bazara, shekarar fari. Gaban biyar ta zana ɗan gicciye, biyu daga ciki a jere, ta rubuta kalma ɗaya: ƙyanda. Gaban sunana, na ƙarshe, ta sa "shekarar da soja suka canja kuɗi", wato 1984, zamanin Buhari na farko. Ta haife ni a canjin kuɗinsa na farko, ta tafi a na biyu.

Shafin da ke biye jikoki ne da tattaɓa-kunne, biro kala-kala, ana gani an san shekaru aka yi ana ƙarawa. Ba namu kaɗai ba, har da 'ya'yan Kawu da jikokinsa, da wasu sunaye na Fulanin rugar bayan gari. Nan na gane jerin da muke ji kowace asuba. Iya ba ta iya addu'a a zuci ba. Tun kafin ladan ya kira assalatu za ka ji muryarta ta bango tana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya, kuma daga yadda ta daɗe a kan sunanka kowa a gidan zai san ka yi laifi. Akwai shekarar da na kawo wani saurayi da bai yi mata ba. Ba ta ce mini uffan ba, amma wata guda cur Allah yana jin labarinsa da asuba, maƙwabta ma suna ji.

A daren na rubuta tarihin a kan tabarmarta da hasken waya, na tura wa 'yan ɗakinmu. Ba a yi minti goma ba Yaya ya kira.

"Auta, mene ne wannan? Giya a littafin jana'izar Iya? Kin san su wa za su zo? Surukaina za su zo, fastoci za su zo daga Kaduna."

Na ce Yaya, ai ba ƙarya na yi mata ba.

"Ba a ce ƙarya ba ne. Ba kowace gaskiya ake shanyawa a rana ba. Sannan wannan layin da kika ce tana da faɗa, cire shi. Kuma a ce ta bar 'ya'ya shida, shi ke nan, me ya kawo tone-tone?"

Yaya dattijon ikkilisiya ne, mutum mai kiyaye mutunci, kuma shi ya biya mini makaranta, ba na iya ɗaga masa murya. Amma a kan yara biyar ɗin nan na kafe. Na ce matar da ta rubuta sunayensu da hannunta ta kwana da su ƙarƙashin kanta shekara hamsin ba za a tashi ranar ƙarshe a ce shida ta haifa ba. Ya yi shiru, can ya ce ya tuna biyun da ƙyanda ta ɗauka mako guda, shi ya riƙe wa Baba fitila. Bai ƙara magana a kai ba.

Maganar giya kuwa yayarmu ta Jos ce ta raba gardama. Ta ce a tambayi tsohuwar Uwar Zumunta, abin da ta ce shi ke nan. Da safe na koma na tambaye ta. Ta ce: "Uwarku da bakinta ta sha ba da wannan shaida a taron mata, gaban ɗaruruwa. Ku ne dai 'yan boko kuke jin kunya." Aka bar shi, jimla biyu. A kan faɗa ni na sauka. Muka daidaita a kan "ba ta ɓoye gaskiya komai ɗacinta", wanda ni a ganina rigar aro ce aka sa wa maganar. Iya tana da faɗa, faɗa na gaske, ta kan wanke mutum tas sannan ta zuba masa tuwo ta tsaya a kansa sai ya cinye. Har yau ina jin haushin kaina da na yarda aka goge.

Alhamis na dawo Zariya wurin mai bugawa. Hoto ma sai da aka yi ja-in-ja, don Iya ba ta murmushi a gaban kyamara, tana ganin wannan sakarci ne. Muka ɗauki wanda take sanye da zanen zumunta, ta ɗaure fuska kamar mai jiran bayani. Yaron da ke kan kwamfuta ya zuba rubutun ya fitar da gwaji, sai na ga duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ take, wani ɗan akwati ne ya fito a wurin. Ya ce a mayar da su k da d da b kawai, ai kowa zai gane. Na ce a'a. Matar da ta sha wahala ta koyi bambanta ɗa da da, ba za a rubuta mata tarihi a ce tana "kaunar" Allah ba. Muka zauna muka nemo irin harafin da ke ɗauke da ƙugiya, na bi layi-layi ina dubawa, wuta ta ɗauke, aka tayar da janareta, kuɗin mai ma a kaina. Kwafi ɗari uku muka buga. Tawada ba ta gama bushewa ba na rungumo kwalin na shiga motar da ke bin gawa.

Matan zumunta na ikkilisiyar da take zuwa in tana Zariya su suka yi mata wanka tare da yayarmu, suka sa mata farar riga, suka ɗaura mata zanen zumunta da ɗankwalinsa, kamar yadda ta yi wasiyya. Muka tashi da rana tsaka don kowa ya san hanyoyin yankinmu ba a bin su da duhu a 'yan shekarun nan. Dalilin haka ne ma daren waƙoƙi bai zama dare ba. Dā kwana ake yi ana waƙa har gari ya waye, amma fasto da mai unguwa suka ce a fara da la'asar a tashi kafin magariba. Mata suka zo daga ikkilisiyoyin ECWA na kewaye, wasu a ƙafa, wasu a bayan a-kori-kura, kowace ƙungiya da tulunta da cakinta. Mai ba da waƙa ta ɗaga, sauran su amsa, ƙura ta tashi. Tulun Iya na asali ya daɗe da fashewa, amma an kawo wanda ya gaje shi aka ajiye gaban akwatin, ba wadda ta taɓa shi.

Juma'a tun da duhu-duhu na ji ƙarar diga. Samarin ikkilisiya ne da jikokin Kawu suke haƙa tare, kusa da kabarin Baba, ƙasar rani ta yi tauri kamar dutse suna karɓa-karɓa. An sa sujada ƙarfe tara ne musamman don a gama da wuri mutanen Kawu su samu Juma'a. Ba su shiga majami'a ba, an shimfiɗa musu tabarmi a gindin darbejiya daidai taga, inda lasifika ke kaiwa. Gaisuwarsu "Allah ya ba da haƙuri, Allah ya albarkaci abin da ta bari." Namu kuma suna cewa ta huta, sai mun sadu. Kowa ya san iyakar abin da bakinsa zai iya faɗa, ba wanda ya nemi ƙari daga wani.

Da aka kira ni karatun tarihi, ƙafafuna rawa suke yi. Na karanta haihuwa da aure lafiya. Da na zo kan goma sha ɗaya da shida, sai na ji majami'a ta yi tsit, wata tsohuwa a baya ta ce "haka ne." Da na karanta cewa ta yi shekaru tana dafa giya kafin ta kife tukwanenta ta kawo tulun gidan Ubangiji, sai wurin ya ɓarke. Tsofaffi suna dariya suna tafawa, wata ta rangaɗa guɗa, wani dattijo da ake cewa yana cikin manyan masu sayenta a dā ya sunkuyar da kai yana girgiza kafaɗa. Na saci kallon Yaya. Yana share ido da hankici, bakinsa kuma yana motsi.

Fasto bai taɓa Misalai 31 ba, na kuwa gode masa. Ya buɗe wasiƙar Bulus ta biyu zuwa ga Timoti, sura ta fari aya ta biyar, inda aka ambaci bangaskiyar da ta fara zama cikin kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki. Ya ce duk wanda Iya ta taɓa kiran sunansa da asuba ya miƙe. Ban ƙirga ba, amma ta taga na hango har a gindin darbejiya wasu sun tashi tsaye.

Bayan an rufe kabari an dawo gida, jikoki suka yi nasu. A wurinmu in tsoho ya cika da shekaru, jikoki ba kuka ne nasu ba, wasa ne. Babbar jikarta, wadda Iya ke kira kishiya, ta shiga ɗaki ta fito da zanen Iya da sandarta da mafici, ta ranƙwafa tana tafiya irin tata. Ta nufi jikan da Iya ke kira maigida ta hau shi da faɗa: ina cefane, ina kuɗin sabulu, wane irin miji ne wannan sai dai ya zo ya cinye tuwo? Ta juya kan Yaya ta ce shi kuma tumbi yake ajiyewa ko dattako? Ta bi surukai ɗaya-ɗaya, har faston bai tsira ba. Muryar ce sak, har da yadda take jan tsaki kafin ta fara. Mutane suna riƙe ciki, suna ba jikoki 'yan canjin da suka samu, tsofaffin takardu ne ma yawanci, waɗanda aka ce ranar ce ƙarshensu. Abin da aka hana ni rubutawa sai ga shi a tsakar gida, gaban surukan Yaya da fastocin Kaduna.

Ranar Lahadi muka fita godiya a majami'a, da yamma aka raba kayanta. Zannuwa suka tafi ga 'ya'ya mata da ƙawaye, awaki biyu ga jikokin da suka yi jinyarta. Littafin aka ce ni zan riƙe. Ina haɗa jakata sai ga yaro ya ce Kawu na kira.

Na same shi da ɗan littafin a hannu, wani jikansa ya karanta masa tun daga bango har bango, sau biyu. Ya ce na kyauta, na fidda 'yar'uwarsa kunya. Sai ya yi shiru yana jan carbi.

"Amma Auta, kwana biyun nan ina ta tunani. Wadda aka haifa shekarar Dikko ba uwarki ba ce. Wata ce, ta rasu tana goye. Uwarki ita ta bi mata, da damina biyu."

Na ce Kawu, kwafi ɗari uku fa muka raba.

Ya ce to ai ba a rubuta a kabari ba tukuna, ko?

Ba a rubuta ba. An zuba siminti, an bar wurin allon. Yaya ya ce a sa 1944 don ya dace da littafi, ni na ce 1946, yayarmu ta ce a bari sai mun haɗu da Kirsimeti a sake tambayar Kawu, ko zai tuno wani abin.